TSAKANIN KADUNA DA KANO: DAGA TAFIYAR KWANAKI ZUWA TAFIYAR MINTUNA

Gabatarwa

Idan aka tambayi mutum uku nisan da ke tsakanin Kaduna da Kano, ba mamaki a sami amsa uku. Direban da ke lodi a tashar Kawo zai ce tafiyar awa uku ce idan hanya ta yi kyau. Tsohon ma'aikacin reluwe zai shiga lissafo tashoshi ɗaya bayan ɗaya, tun daga Rigacikun har Chalawa. Matuƙin jirgin sama kuwa zai ce ai abin bai wuce rabin awa ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa, domin matafiyi da lokaci yake auna nisa, shi kuma lokaci abin hawa yake bi.

Ga 'yan uwa da neman abinci ya kai su Legas, Fatakwal, Abuja da sauran birane, wannan lissafi ba baƙo ba ne. Duk wanda aka taɓa buga wa waya da asuba aka ce an yi rasuwa a gida, za a yi jana'iza ƙarfe biyu na rana, ya san darajar kowane minti. A irin wannan rana mutum yake gane ko garinsu na kusa ko na nesa. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, don haka wannan maƙala za ta waiwayi tarihin tazarar da ke tsakanin filayen jiragen sama na waɗannan birane biyu: yadda aka fara ratsa ta, yadda tafiyar kwanaki ta koma ta mintuna, da kuma dalilin da ya sa tafiyar rabin awa ta kasa ƙwace kasuwa daga hannun mota.

Zamanin ƙafa da jaki

Kafin zuwan Turawa babu wani birni mai suna Kaduna. Abin da ke akwai shi ne kogin da ya sami sunansa daga kadduna, da ƙauyukan Gbagyi da rugagen Fulani a gefensa, a cikin ƙasar Zazzau. Fataken da suka taso daga Kano za su ƙasar Nufe ko Gwanja neman goro, Zariya ce babban zangonsu a wannan yanki. Ayari na tafiya ne a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, ga jakuna da takarkarai da 'yan alaro ɗauke da kaya. Ana tashi da sanyin asuba, a sauka kafin rana ta take, domin dabbobi su yi kiwo a kuma dafa abinci. Idan ayari ya ci kilomita 25 a yini, ya yi ƙoƙari. Bisa wannan lissafi, daga Kano zuwa gaɓar kogin Kaduna tafiya ce ta kwana tara ko goma, in ba a haɗu da ruwan damina ko 'yan fashi ba.

Akwai ma'auni guda da tarihi ya adana mana da kwanan wata. Rundunar Turawan Ingila da Kanar Morland ya jagoranta ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu, 1903, ta yi artabu a Bebeji a kan hanya, ta kuma ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Wato sojoji masu sauri, waɗanda ba ciniki ya fito da su ba, sai da suka yi kwana biyar tsakanin Zariya da Kano, tazarar da mota ke cinyewa cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

Zuwan dogo da kafuwar Kaduna

Layin dogo ne ya fara karya lagon wannan nisa. An soma shimfiɗa shi daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, ya ratsa ta Minna, ya ƙetare kogin Kaduna, ya bi ta Zariya, ya isa Kano a 1911. Ba a daɗe ba aka haɗa shi da layin da ya taso daga Legas, sai tafiyar Legas zuwa Kano ta zama ta mil 700, wato kimanin kilomita 1,126, a kan ƙarfe. Cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano tun daga 1912 saboda wannan hanya. Tafiyar da ayari ke yi cikin kwana goma kuma ta dawo ta yini guda.

Wannan dogo shi ne ya haifi Kaduna. Gwamna Lugga ya ga cewa Zungeru ta yi zafi, ga ta kuma nesa da manyan masarautu, sai ya zaɓi wurin da dogo ya ƙetare kogi, inda akwai ruwan sha da fili mai faɗi. A 1917 aka mayar da hedikwatar Lardunan Arewa Kaduna. Ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata da barikin soja duk aka kafa su a arewacin kogi, mahaɗar jiragen ƙasa kuma tana kudu, inda layin gabas mai bi ta Kafanchan ya zo ya haɗe a 1927. Tun daga lokacin biranen biyu suka raba aiki a tsakaninsu: Kaduna wurin mulki, Kano wurin ciniki. Gwamna da sakatarorinsa na buƙatar Kano, attajirai da sarakuna na buƙatar Kaduna. Wannan buƙata ce ta sa hanyar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya daga cikin mafi muhimmanci a duk Arewa.

Jirage uku na farko

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, wasu jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da birnin Alƙahira ta Masar, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne masu injin guda da fiffike hawa biyu, an yi su da katako da yadi, matuƙi na zaune kansa a waje iska na dukansa. Suka bi kogin Nilu zuwa Sudan, suka karkato yamma ta Darfur da ƙasar Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, a wani fili da Turawa ke wasan dawaki a kansa. Zamanin Sarkin Kano Usman ne, shekara guda kafin Sarki Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta. Daga wannan tafiya ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Nijeriya.

Ya kamata mai karatu ya dubi abin da idon mutanen wancan zamani. Hanyar da jiragen nan suka biyo ita ce hanyar da maniyyata aikin Hajji ke bi a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, suna tafe suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wasu kan shekara biyu, wasu bakwai, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yanzu. Sai ga shi an wayi gari wasu mutane sun ratso ta cikin kwana shida. Shi kansa Coningham ya yi suna ƙwarai a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a jirgin sama ajalinsa ya same shi, domin jirgin fasinjan da ya shiga ya ɓace a tekun Atlantika kusa da tsibirin Bamuda a Janairun 1948.

Kaduna ta shiga taswirar sama

Sai bayan shekara goma sannan jirgin haya ya zo. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe hanyar mako-mako daga Khartum zuwa Kano, yana ɗauko wasiƙu da 'yan fasinjoji daga babban layinsa da ke tsakanin Landan da Afirka ta Kudu. A watan Oktoba na wannan shekara aka tsawaita hanyar zuwa Legas, tana yada zango a Kaduna da Minna da Oshogbo. Daga nan ne tazarar Kano zuwa Kaduna ta zama mataki guda a jadawalin jirgin sama. Jirgin da ake amfani da shi, DH.86, yana da injin huɗu, yana ɗaukar mutum kamar goma, gudunsa kuma kimanin kilomita 230 a awa. Saboda haka cikin awa guda, ko kusa da haka, yake haɗa biranen biyu. A lokacin, Baturen da zai zo aiki Arewa kan yi kimanin mako biyu a jirgin ruwa daga Libaful zuwa Legas, sannan ya hau jirgin ƙasa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa filayen Arewa daraja. Da hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Khartum har Masar. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Aka faɗaɗa titunan sauka, aka kafa na'urorin rediyo da ofisoshin duba yanayi. Da yaƙi ya ƙare, waɗannan kayan aiki suka zama gadon da sufurin farar hula ya taka.

A 1946 ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka a Afirka ta Yamma, wato Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka kafa kamfani na haɗin gwiwa mai suna West African Airways Corporation, wanda ya fara aiki da ƙananan jirage ƙirar Dove masu kujeru kamar takwas. Kano kuwa ta zama babbar ƙofar Nijeriya ta sama, domin jiragen Turai masu farfela ba sa iya ratsa Sahara su wuce kudu sai sun sha mai. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya fara sauka Kano a 1947, bai daina ba sai 2012. Mutumin Kaduna da zai tafi Landan ko Jidda a wancan zamani, ta Kano zai fita. Wannan ya sa ɗan gajeren tsallen nan na tsakanin biranen biyu ya zama matakin farko na kowace doguwar tafiya.

Zamanin tsohon fili na Mando

Filin jirgin Kaduna na farko yana arewacin gari, a wajen Mando, inda sansanin sojan sama yake. Daga Kawo ko Unguwar Sarki tafiyar 'yan mintuna ce. Nan manyan baƙin Jihar Arewa ke sauka, ciki har da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, wadda aka yi wa gagarumin hawan daba a Kaduna cikin Fabrairun 1956. Ta nan kuma Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da ministocinsa ke tashi zuwa Legas da Kano da ƙasashen waje.

Bayan Gana ta sami 'yanci ta janye daga kamfanin haɗin gwiwa, sai aka kafa Nigeria Airways a 1958, mai tambarin giwa da fiffike, gwamnati kuma ta mallake shi gaba ɗaya a 1961. Ya kawo jiragen Fokker F27 masu farfela biyu a farkon shekarun 1960, daga baya ya kawo jiragen jet ƙirar F28 da Boeing 737. Legas zuwa Kaduna zuwa Kano na cikin manyan hanyoyinsa na cikin gida. Fasinja kan zauna a kujerarsa a Kaduna, waɗansu su sauka, waɗansu su shigo, kafin ya gama shan lemon da aka miƙo masa sai ya hango Dala da Gwauron Dutse ta taga.

Shekarar 1964 ta kafa wa wannan yanki tarihi a harkar sama. A cikinta aka kafa rundunar sojan saman Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna ta zama gidan horar da matuƙanta na farko. A cikinta aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna. A cikinta kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage ga Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka. A tsohon filin na Kaduna ne kuma aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle, wanda aka fara gwada shi a 1989, sojan sama suka yi odar guda 60.

Akwai wani labari na shekarun 1970 da ya nuna yadda filayen biyu suka dogara da juna. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin 1975, tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, kaya kan yi watanni ba a sauke ba. Sai aka riƙa ɗauko sassan motocin ta sama daga birnin Liyon na Faransa, a jiragen dakon kaya na kamfanin UTA, a sauke su a Kano, domin filin Kano ne ke iya karɓar irin waɗannan manyan jirage, sannan tireloli su kawo su Kaduna ta hanyar Zariya. Motar 504 da ta zama abin alfaharin ma'aikacin gwamnati a wancan zamani, ta sama ta zo Kano, ta ƙasa ta ƙaraso Kaduna.

Irin wannan buƙata, da girman da gari ya yi bayan masaƙu da matatar mai ta 1980, su suka sa aka gina sabon fili a yankin Igabi, arewa maso yamma da gari, mai titin sauka na mita 3,000. An buɗe shi a 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka bar wa soja tsohon. An sami fili mai karɓar manyan jirage, har maniyyata suka riƙa tashi daga Kaduna kai tsaye bayan sun taru a sansanin alhazai na Mando. Sai dai kuma sabon filin na nesa da tsakiyar gari da fiye da kilomita 20, kuma wannan nisa zai yi tasiri a lissafin da za mu yi yanzu.

Lissafin nisa da lokaci

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin Kaduna zuwa filin Malam Aminu Kano, za a sami kimanin kilomita 200. Masu tuƙin jirgi da mil na teku suke awo, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, don haka a wurinsu tazarar mil 108 ce, an fuskanci arewa maso gabas. Ta mota kuwa, daga Kawo a bi ta Maraban Jos da Jaji da Zariya da Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Kura har Na'ibawa, kimanin kilomita 230 ne. Domin kwatanci, daga filin Kaduna zuwa na Legas kimanin kilomita 630 ne, tafiyar awa guda da 'yan mintuna. Zuwa na Abuja bai kai kilomita 190 ba. Daga Kano zuwa Jidda kuma kimanin kilomita 3,400 ne, abin da jirgin alhazai ke ci cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar.

To, jirgin Boeing 737 na gudun kilomita 800 a awa. Ɗalibin firamare zai raba 200 da 800 ya ce minti 15 ke nan. Me ya sa tafiyar ke cin minti 25 zuwa 30? Dalili shi ne jirgi ba ya kai wannan gudu sai ya yi nisa a sama, inda iska ba ta da kauri. A ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'idar tuƙi ta taƙaita gudunsa zuwa kimanin kilomita 460 a awa. A gajeriyar tafiya irin wannan, kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi. Sannan dole ya kewayo ya daidaita da titin sauka ta inda zai fuskanci iska, ya rage gudu, wani lokaci ya jira izini daga hasumiya. Ƙara da tafiyar da yake yi a ƙasa kafin tashi da bayan sauka, shi ya sa jadawali kan rubuta minti 40 ko fiye. Abin lura a nan shi ne, daga DH.86 na 1936 zuwa jet na zamani gudun jirgi ya ninka fiye da sau uku, amma abin da aka rage a wannan hanya bai wuce rabin awa ba.

Yanzu sai mu auna tafiyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Ɗan kasuwa ya fito daga Unguwar Rimi ko Malali za shi Kantin Kwari. Zai ci minti 40 kafin ya isa filin jirgi. Ana so ya iso awa guda kafin tashi saboda tikiti da bincike. Ya yi minti 40 a cikin jirgi, ya jira kaya minti 20, ya shiga gari minti 20. Jimla awa uku ke nan, in jirgin bai yi latti ba. Abokinsa da ya shiga mota a Kawo a daidai lokacin da shi ya bar gida, tare za su isa, kuma abin da ya biya bai kai rabin kuɗin tikiti ba. Ta fuskar mai jirgi ma lissafin bai fita. Mai ya fi ƙonewa wajen tashi da hawa, kuɗin sauka ɗaya ne ko tafiya ta yi tsawo ko ta gajarta, tayoyi da birki da inji kuma da yawan tashi da sauka suke tsufa. Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan lissafi ba. A 2023 Faransa ta hana jiragen fasinja tashi daga filin Orly na Faris zuwa Liyon da Nant da Bodo, saboda jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Yadda kasuwar ta ja baya

Abubuwa da dama suka taru suka rage wa wannan hanya armashi. Na farko, ƙirƙiro jihohi a ranar 27 ga Mayu, 1967 ya sa Kano ta sami gwamnanta da ma'aikatunta, ba sai an zo Kaduna neman sa hannu ba. Na biyu, jiragen jet masu dogon zango sun daina buƙatar shan mai a Kano, suka riƙa wucewa Legas kai tsaye. Na uku, an mayar da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye a zamanin Janar Ibrahim Babangida, mota ta ƙara sauri. Na huɗu, komawar gwamnatin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991 ta janye fasinjoji da kamfanoni zuwa sabon babban birni. Sannan masaƙun Kaduna suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, shi ma Nigeria Airways ya daina tashi a 2003.

Duk da haka 'yan kasuwar Arewa sun taka rawar gani. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano cikin 1980. Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa kamfanin a 1994, ya kuma ajiye hedikwatarsa a Kaduna, jiragensa suka shekara da shekaru suna haɗa garin da Legas kafin su daina tashi a farkon shekarun 2010. Amma su ma hanyar Legas da jigilar alhazai ce ta riƙe su, domin nan ne nisa ya isa ya biya kuɗin mai.

Ba za a rufe wannan babi ba sai an tuna cewa sama ma na da nata haɗarin. Hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga ƙasar Chadi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kan rufe filayen biyu har a soke tashi ko a karkatar da jirgi wani gari. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 13 ga Nuwamba, 1995, jirgin Boeing 737 da ya taso daga Jos ya zarce titin sauka a Kaduna ya kama da wuta, aka rasa mutum 11. Ranar 4 ga Mayu, 2002 kuma wani jirgi ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan ya tashi daga Kano. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Darasin 2017 da na 2022

Shekarun 2017 da 2022 sun nuna wa kowa amfanin filin Kaduna da kuma rauninsa. Ranar 8 ga Maris, 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkato jiragensa Kaduna. Aka gyara ɗakin fasinja da fitilu da na'urori, kamfanin Ethiopian Airlines ya riƙa sauka daga Adis Ababa, fasinjoji na ƙarasawa Abuja a motoci da rakiyar jami'an tsaro, ko a jirgin ƙasan da aka buɗe a Yulin 2016 tsakanin Rigasa da Idu, mai tsawon kilomita 186. Cikin waɗannan makonni filin ya ga cikar da bai taɓa gani ba, ya kuma tabbatar da cewa zai iya ɗaukar nauyi idan aka kula da shi.

Bayan shekara biyar sai aka ga ɗaya fuskar. Tun a Maris na 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, wadda ke yankin hanyar filin jirgi. Ranar 26 ga Maris, 2022 suka kai hari harabar filin kansa, suka kashe wani mai gadi. Kwana biyu bayan haka suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe wasu fasinjoji, suka tafi da wasu da dama daji. Kamfanonin jiragen sama suka dakatar da zuwa, jirgin ƙasa bai dawo aiki ba sai ranar 5 ga Disamba, hanyar mota ta Abuja kuma kowa na tsoronta. A waɗannan watanni mutumin Kaduna da ke Legas kan sauka a Kano ne, ya biyo mota ta Zariya ya dawo gida, tamkar yadda sassan motar Peugeot suka riƙa yi a 1975. Garin da dogo ya haifa saboda saukin isa gare shi, sai ga shi ya zama mai wuyar shiga. A nan aka gane cewa tsaro na cikin ma'aunin nisa, kuma maganar magabata ta hanyar lafiya a bi ta da shekara ba ta tsufa ba.

Kammalawa

Idan muka tattara, tazarar nan ta kilomita 200 ta ci wa ayarin fatake kwana goma, ta ci wa jirgin ƙasa na farko yini guda, ta ci wa jirgin 1936 awa guda, jet kuma rabin awa. Tarihi ya nuna cewa ribar jirgin sama ga Kaduna tana cikin dogayen hanyoyi: Legas, Fatakwal, Jidda da sauran ƙasashe. Tsakaninta da Kano kuwa, kyakkyawar kwalta da jirgin ƙasa su ne maganin tafiya. An sake gina hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano aka buɗe ta a Mayun 2023, an kuma aza harsashin sabon layin dogo mai tsawon kilomita 203 tsakanin biranen biyu a Yulin 2021. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 100 a awa zai haɗa su cikin awa biyu da 'yan mintuna, ya zarce mota, ya zarce jirgin sama idan aka auna daga gida zuwa gida.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan 'yan uwa mazauna birane, musamman waɗanda Allah ya ba su murya a majalisu da ma'aikatu da kafofin watsa labarai. Su riƙa bibiyar maganar tsaron hanyar filin jirgi da unguwannin da ke kewaye da ita, da maganar sabon dogon Kano, da samar da sufuri mai sauƙi tsakanin tashar Rigasa da filin jirgi da cikin gari. Wanda ke da halin hawa jirgi ya sauka a Kaduna idan akwai mai zuwa, domin kamfani ba ya riƙe hanyar da kujerunta ke tafiya wayam. Haka kuma dattawanmu da suka yi aiki a reluwe, ko a tsohon filin Mando, ko a Nigeria Airways, suna ta ƙarewa da labaransu. Tsofaffin hotuna da tikitoci da takardun aiki da ke cikin adakokinsu sun cancanci a tattara su a kai Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, ko ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, domin na baya su gani.

An ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun sada ta da ƙafar a zahiri, suna kwana a zango. Mu da aka sauƙaƙa wa tafiya har ta koma ta mintuna, uzurinmu na ƙin leƙa gida ya ragu ƙwarai. Allah ya tsare mana hanyoyinmu na ƙasa da na sama, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.